Labarin Kasuwa Dukiya Ne: Kira Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Abijan

Ina roƙon wannan fili ya ba ni dama in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda wayar hannu ta shiga aljihun kusan kowannenmu, amma har yau mai saniya shi ne na ƙarshe da yake jin abin da saniyarsa ta yi a kasuwar Abijan. Ra'ayina a taƙaice shi ne, lokaci ya yi da ƙungiyoyinmu za su mallaki labarin kasuwa da na hanya da hannunsu, su riƙa tattara shi suna rarraba wa kowa, tun kafin wasu su tattara shi su dawo suna sayar mana da abinmu.

Bari mu fara bin sawun bijimi guda ɗaya domin mu ga inda gizo yake saƙar. Makiyayi ya fitar da shi daga garke domin yana bukatar hatsi ko kuɗin magani. Ɗan ƙaramin falke ya saya a kasuwar ƙauye, ya kai shi babbar kasuwa irin ta Pouytenga ko Dori a Burkina Faso, ko Niono a Mali, ko Tera a Nijar. A can babban falke ya haɗa shi da 'yan'uwansa ya cika tirela. Idan daga Bobo aka taso sai a bi ta Banfora da Niangoloko, idan kuma daga Sikasso ne sai a shigo ta Pogo, duk a haɗu a Ouangolodougou, sa'an nan a gangaro ta Ferkessédougou da Katiola da Bouaké da Yamoussoukro har Abijan. Daga Wagadugu kawai tafiyar ta haura kilomita 1,000. A Abijan kuma ga maigida, ga dillali, ga babban mahauci mai sayen shanu da yawa, ga ƙananan mahauta na kasuwannin Adjamé da Treichville, ga masu tsire da balangu a bakin titi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya san farashin da ya saya da wanda ya sayar, amma ba safai ake samun wanda ya san tsanin daga ƙasa har sama ba. Wanda ya fi kowa duhun kai a ciki kuwa shi ne wanda ya yi shekara huɗu ko biyar yana bin bijimin nan cikin rana da ruwa.

Dattawanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma sefa 100. Kafin wannan lokaci daskararren naman da ake shigowa da shi daga ƙasashen Turai a kan araha ya hana shanunmu sakat a kasuwannin bakin teku. Da darajar kuɗi ta faɗi sai naman waje ya yi tsada, aka komo ana neman shanun Arewa ruwa a jallo. To, wa ya fara cin moriyar wannan canji? Wanda ya fara jin labari. Wanda yake kusa da rediyo da tarho ya ruga daji ya saya a tsohon farashi, kafin labari ya kai ruga an riga an kwashe rabon farko. Babu wanda ya yi wa makiyayi fashi, shi da kansa ya miƙa igiya ya karɓi kuɗi ya yi godiya. Rashin sani ne ya cuce shi, kuma masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

A wancan zamani muna da uzuri. Labari a bakin direbobi yake tafiya, ko a wasiƙar da za a ba wani fasinjan jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Treichville zuwa Bobo da Wagadugu, ko kuma a bi layi a gidan waya. Kafin saƙo ya isa, kasuwa ta juya sau uku. Yau wannan uzuri ya ƙare. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar wayoyi ta Adjamé, wadda ake kira Black Market, ya san cewa waya ta zama kamar goro, akwai ta mai kuɗi akwai ta talaka. Kuma amfanin waya ga kasuwa abu ne da aka riga aka auna. Wata masaniyar tattalin arziki mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a wuraren da waya ta isa. Dalili kuwa a fili yake: ɗan kasuwa ya daina ɗora kaya a mota ya tafi da ƙaddara, sai ya buga ya tambaya tukuna.

Ta fuskar kuɗi ma an samu sauƙi. A ƙarshen 2008 aka fara aika kuɗi ta waya da Orange Money a Kwaddibuwa, MTN ya biyo baya, sa'an nan a 2021 Wave ya shigo da cajin kashi ɗaya cikin ɗari. Falken da a da yake ɗaure miliyoyi a ƙugu ya hau mota daga tashar Adjamé gabansa yana faɗuwa, yanzu yana iya tura wani kaso tun kafin ya bar gari. Wannan ci gaba ne, babu mai musu.

Amma fa waya a hannun mutum ɗaya ɗaya ba ta isa ba. Kowa yana buga wa nasa ne kawai. Babban falke yana da yaro a kasuwa da ke gaya masa tirela nawa suka sauke jiya da nawa ke hanya. Ƙaramin falke kuwa dillalinsa kaɗai yake da shi, makiyayi kuma ba shi da kowa sai wanda ya zo sayen dabbarsa. Ke nan waya ta ƙara wa mai ido gani, ta bar makaho inda yake. Abin da ya sa ke nan har yau za ka ga motoci sun yi karo a rana ɗaya, kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi, kowa ya zauna yana sayen harawa da dusa da ruwa da tsada yana kallon dabbobinsa suna ramewa. Bayan mako biyu kuma kasuwa ta bushe, mahauta suna neman sa ɗaya kamar allura a cikin ruwa. Da a ce akwai wuri guda da ake sanin mota nawa ta ƙetare iyaka yau, da wani ya jinkirta lodi kwana uku ya tsira da jarinsa.

Abin da ya faru a watan Yuni na 2024 ya isa ya zama darasi. Shekara da shekaru kasuwar shanu ta Abijan tana jikin mayankar Port-Bouët, wadda aka gina tun 1959. A ranar 1 ga watan, saura mako biyu Babbar Salla, hukumar birnin Abijan a ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Cissé Bacongo ta tashi kasuwar domin mayar da ita wani fili a Adjamé, inda a da ake sayar da tsofaffin kayan mota. An yi arangama, an ji wa mutane rauni, an yi asarar dukiya. Ba zan shiga batun wane ne mai gaskiya ba a nan, domin hukuma ta kawo hujjarta ta tsabtar gari da cunkoson hanya, 'yan kasuwa su ma sun kawo tasu ta ƙurewar lokaci da rashin shirin sabon wuri. Abin da nake so mu duba shi ne halin mutumin da ya yi lodi a Arewa kwana biyu ko uku kafin ranar. A ina zai sauke? Akwai ruwa a sabon wurin? Ina maigidansa ya koma? Wa zai ba shi amsar da zai dogara da ita? A rana irin wannan jita-jita ce ke mulki, kuma duk wanda ya firgita ya sayar, wani ne ya ci ribar firgicinsa. Bugu da ƙari, da kasuwa ta koma arewacin gari mayanka kuma tana kudu, sai ya zama dabbar da aka saya a Adjamé sai ta sake hawa mota ta haye gada, ta ratsa ta wajen Treichville kafin ta kai wuƙa. Wannan ƙarin kuɗin mota ne da ƙarin hannu, kuma kowa ya san a kan wa irin wannan nauyi yake sauka daga ƙarshe.

Dokokin iyaka su ma ba su zauna wuri ɗaya ba. A 1998 ƙungiyar ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO, ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi domin kiwo. A 2022 an yi wata shida ana takunkumi a kan Mali. A ranar 29 ga Janairu 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ƙungiyar, alhali kuwa daga waɗannan ƙasashe ne mafi yawan shanu da tumakin da ake shigowa da su Abijan suke fitowa. A watan Mayu na 2025 hukumomin Nijar suka dakatar da fitar da dabbobi gab da Babbar Salla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya taɓa farashi, kuma a kowane ɗaya akwai waɗanda suka ji da wuri da waɗanda suka ji a bakin shinge, mota cike da dabbobi.

To, mene ne abin yi? Ba sabon abu za mu ƙirƙiro daga sama ba, domin akwai waɗanda suka riga suka share hanya. A Nijar akwai tsarin hukuma na tattara farashin kasuwannin dabbobi da ake kira SIM Bétail, wanda ma'aikatansa ke bin kasuwanni suna rubuta farashi. A Mali, a 2017, ƙungiyar SNV ta ƙasar Holan tare da kamfanin Orange da ƙungiyar makiyaya ta Tassaght suka buɗe wani layi mai suna Garbal, inda makiyayi zai buga waya a amsa masa da harshensa, a gaya masa inda ciyawa da ruwa suke bisa hotunan tauraron ɗan'adam, da inda garkuna suka yi yawa, da kuma farashin dabbobi da hatsi. Daga baya tsarin ya shiga Burkina Faso da Nijar. Ta fuskar hanya kuma, tun tsakiyar shekarun 2000 ƙungiyar UEMOA take tattara rahoton yawan shingaye da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba da lokacin da ake ɓata wa direbobi, hukumar CILSS ita ma ta yi irin wannan ƙidaya a kan motocin dabbobi. Duk waɗannan ayyuka ne masu kyau. Aibinsu a wurinmu shi ne, da yawansu da kuɗin masu ba da agaji aka kafa su, rahotonsu kuma da Faransanci ko Turanci yake fita bayan watanni, ya tafi teburin manya. Falken da ke tsaye a shinge da tsakar dare ba rahoton wata uku yake bukata ba.

Shawarata ta farko ita ce, ƙungiyoyin fatake da na makiyaya su naɗa amintattun mutane biyu ko uku a kasuwar Abijan, waɗanda kowace safiya da yamma za su faɗi abin da suka gani: mota nawa ta sauke, nawa aka sayar da babban bijimi da matsakaici da saniya da rago, nawa ne buhun dusa. A faɗe shi da murya, da Hausa da Fulatanci da Jula da Moore, a tura ta WhatsApp, wanda ba shi da babbar waya kuma a ba shi lambar da zai buga ya saurara. Murya nake jaddadawa saboda yawancinmu ba mu yi boko ba, amma babu wanda ba ya jin magana. A yi irin wannan a Ouangolodougou da Bouaké da manyan kasuwannin lodi. Kada mai rahoto ya zama yana da dabbar sayarwa a ranar, kuma a riƙa gwada maganar ɗaya da ta ɗaya, domin labarin ƙarya ya fi rashin labari illa.

Ta biyu, a sa na'urar bin sawu a motocin da ke ɗaukar dabbobi. Wannan 'yar na'ura ce da ke nuna inda mota take a kan taswirar waya, kuma masu motocin dakon kaya da yawa sun daɗe da saninta. Ko babu ita, wayar ɗan rakiya tana iya nuna wuri. Amfaninta ya wuce kama direba da ƙarya. Idan mota ta tsaya awa biyar a wuri guda, mai kaya zai sani, ƙungiya za ta sani, a buga waya a tambayi dalili tun kafin saniya ta kwanta a tattake ta. Idan kuma aka tara bayanin motoci ɗari, aka ga kullum a wuri kaza ake tsayawa, to ranar da shugabanninmu za su zauna da hukuma ba kuka za su kai ba, hujja za su ajiye a kan tebur, da rana da awa da wuri.

Ta uku ita ce maganar bashi, wadda kowa ke jin nauyin faɗa. Sanin kowa ne cewa shanu da yawa a Abijan bashi ake bayar da su ga mahauta, maigida ya tsaya a tsakani. Ni da kaina na taɓa yin kwana goma sha a ɗakin wani maigida ina jiran kuɗin shanun da aka riga aka cinye namansu, kullum a ce mini gobe, har abin da na ci na sha ya cinye ribar tafiyar. Babu takarda, babu shaida sai Allah. Me zai hana duk cinikin bashi a rubuta shi a saƙon waya, mai saye da mai sayarwa da maigida kowa ya riƙe nasa, ofishin ƙungiya ma ya ajiye ɗaya? Mai biya a kan lokaci sunansa zai yi ƙamshi ya samu kaya ko ba shi da ko dala, mai taurin bashi kuma ba zai tashi daga wannan ya faɗa wa wancan ba.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana zukatan masu karatu da yawa, watau batun maƙala wa dabba ɗan kunne mai lamba. Ƙasar Botswana ta fara yi wa shanunta irin wannan rajista a 2001, da farko da wata na'ura da ake ɗura wa saniya ta zauna a tumbinta, daga baya aka koma ɗan kunne, saboda masu sayen namanta a Turai sun ce sai sun san asalin kowace dabba. A wurinmu amfaninsa na farko shi ne maganin ɓarayi. Satar shanu ta zama annoba a Sahel, kuma saniyar sata ba a daji take ƙarewa ba, kasuwa take zuwa. Idan da lamba, kuma aka hana sauke dabbar da ba a san inda ta fito ba, kasuwar ɓarawo ta ragu. Haka kuma idan cuta irin ciwon huhu ta ɓulla, za a san garken da ta fito, ba sai an rufe hanya ga kowa ba.

Amma tsoron makiyayi ba na banza ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san tarihi ba. Kakanninmu sun ga jangali, sun san cewa duk ranar da hukuma ta ƙidaya shanu, haraji ne ke biyo baya. Ga kuma sabon tsoro: na'urar da ke nuna inda garke yake, idan bayaninta ya faɗa hannun ɗan fashi ko mai garkuwa da mutane, ta zama jagorar mugu. Saboda haka ni ban goyi bayan a bi makiyayi ruga a ƙirga masa garke ba. A fara da dabbar da ta riga ta shiga kasuwa za a ɗora ta a mota, a sa mata lamba a wurin lodi, a duba a wurin sauke. Kuma tun ran gini tun ran zane: a rubuta a yarjejeniya wa ke riƙe da bayanin, wa aka yarda ya gani, da kuma cewa ba za a mayar da shi hanyar ƙirƙiro sabon haraji ba. Idan wani kamfani ko wani ofishi ya zo da na'ura ya ce mu sa amma ba za mu ga abin da ke ciki ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma 'yan'uwanmu dillalai da masu gida da ke ganin kamar abincinsu ake so a taɓa. Ina ba su haƙuri, ba haka ba ne. Waya ba ta saukar da baƙo, ba ta ba shi tabarma da abinci, ba ta duba haƙorin sa ta faɗi shekarunsa, ba ta tsaya wa mutum idan ciniki ya rikice. Dillalin da ke cin la'adarsa ta halal babu abin da zai rasa, sai ma ƙarin amana. Wanda zai ji zafi shi ne mai sayarwa a kan farashi ɗaya ya faɗa wa mai kaya wani, kuma wannan dama ba sana'a ba ce.

Wani zai ce da wane kuɗi? Amsa ita ce da namu. A kowace mota da ta sauke ana karɓar kuɗaɗe iri-iri da sunan ƙungiya. A ware wani ɗan kaso a san cewa na labari ne, a biya masu rahoto, a sa musu kuɗin waya, a riƙa karanta lissafin a gaban taro. Abin da muka biya da aljihunmu ba zai mutu ranar da Bature ya naɗe tabarmarsa ba. Kuma ga samarinmu da suka yi karatu suna yawo a Adjamé da Treichville ba aiki, waya a hannunsu kamar an haife su da ita. Aikinsu ne wannan, dattawa kuma su sa ido.

Ya ku shugabanninmu, sarakunan shanu da arɗo-arɗo da sarakunan fawa, Babbar Salla ba ta fasa zuwa, kuma kowace shekara a lokacinta ne ake yin babbar riba da babbar asara. Kada mu jira sai an sake tashin wata kasuwa ko an rufe wata iyaka sa'an nan mu fara kiran taro. A fara da abu mai sauƙi, rahoton murya sau biyu a rana daga kasuwar Abijan, a gwada shi wata uku, a ga ko makiyayin da ke Dori ko Tera zai sake sayar da bijiminsa ido rufe. Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya kiyaye matafiyanmu a hanya, amin.